Gidan da Baba Ya Saya da Mutum a Ciki

Ranar Asabar ta farkon Nuwamba, ina 'yar shekara tara, Baba ya tsayar da mu a ƙofar wani tsohon gida a Saint-Fons, hayaƙin masana'antu na tashi a bayansa. Kotu ce ta yi gwanjonsa, don mai shi ya kasa biyan banki. Baba, wanda ya daɗe yana farautar irin gidajen nan a ranakun hutunsa, ya nuna tagar sama ya ce, "Wancan ɗakinki ne, Rakiya." Ni da ban taɓa barci babu ƙafar ƙanena a haƙarƙarina ba, nan take na zaɓi shuɗin fenti. Sai labulen tagar ya motsa.

Ashe mai gidan, wani tsohon Bafaranshe mai suna Marsel, bai fita ba. Doka ta hana korar mutum lokacin sanyi, sai muka tare a ƙasa, mu biyar a ɗakuna biyu masu yoyo, muna jiran sanyi ya wuce. A nan Inna ta yi abin da ta saba tun Damagaram: ta zuba tuwo da miyar kuka, ta ce in kai wa maƙwabci. Na kai ina kumbure-kumbure. Ya sauko da kwanon a wanke, washegari ma haka.

Muka kankare bango, muka kwashe ɓaraguzai a bokiti. A kan buhun siminti nake aikin lekol da malamai suka ba mu, takun tsohon yana kai-komo bisa kaina. Na tsane shi, ba na ma ɓoyewa. Da sanyi ya wuce na kai kukana wurin Baba, na ce a kira ma'aikacin kotu. Sai ya ce, "Mutumen da ya ci tuwonmu? In na fid da kayanshi waje, mi zan ce ma Allah?" Shi ba inda za shi, mu ba yadda muka iya. Muka gyara ko'ina ban da ɗakina.

Marsel ya rasu shekarar da na tafi karatu Paris. Baba ya shafa wa ɗakin shuɗin nan, ya kira ni a waya yana murna, ni kuwa na fashe da kuka. Yau ina da ɗakina a Paris, babu takun kowa a bisa kaina, shirun har damuna yake. Ni ma irin gidajen nake nema a Montreuil, nan gefen Paris, amma kafin in duba rufi ko bango, tagar sama nake fara kallo. Da labule ya motsa sai in juya, don na san gidan da na fito: ni ma ba zan iya korar mutum ba.