Ranar da Na Karanta wa Kawu Ƙarshen Jirginsa

Shekarun baya, lokacin da na gama makarantar horon malamai na dawo Gummi ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro Turanci, na yi wa kawuna wani abu da har yau yake damuna.

Kawu yayan Inna ne, tsohon sojan ruwa. Da ƙuruciyarsa an tura shi kwas Ingila, ya yi wata da watanni a wani jirgin yaƙi mai farautar jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya kama noman shinkafa a fadama. Kullum bayan la'asar yana majalisar ƙofar masallaci, kuma ko zancen taki aka ɗauko sai ya san yadda ya yi ya kai shi teku.

Mun haddace jirgin nan kaf. Dogo ne siriri mai tsinin baki, an ƙera shi don gudu tun zamanin babban yaƙi. Da yaƙin ya ƙare aka kwance masa manyan bindigogi, aka dasa masa na'urar sauraro a ƙasan ciki, aka girka masa abin harba bama-bamai waɗanda sai sun nutse suke fashewa. Shi Kawu aikinsa zama a wani ɗaki mai duhu, abu a kunne, yana sauraron ruwa.

Matsalar ita ce ba kowa ya yarda ba. Akwai wani tsohon masunci, abokin wasansa, da ba ya ƙyale shi. "Ni da nit tsuhwa cikin gulbi," in ji shi, "ban taɓa ganin jirgin da yan nutse yat taso da mutane da rai ba. Kai dai hwaɗi gaskiya, wanke-wanke kay yi musu!" A yi ta dariya, Kawu ya yi ta rantsuwa. Abin yana ƙona masa rai, don wannan labarin shi ne mutuncinsa a majalisar.

Ni kuwa na sayi sabuwar waya. Ran nan na ce, "Kawu, faɗa min sunan jirgin, yau za a raba gardama." Ya faɗa, na rubuta, sai ga hoto. Wayyo, da kun ga fuskarsa! Ya karɓi wayar, yana nuni da ɗan yatsa. "Ga shi! Wanga shi na! Nan munka kwana, nan ƙasa ɗakina yake." Tsofaffi suka yi caa a kansa. Masuncin nan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, lalle ka tahi."

Da a nan na tsaya, da na yi aikin lada. Amma ina! An taru, ana kallona, bakina ya ƙi rufuwa. Na karɓe wayar na shiga karanta bayanin da ke ƙarƙashin hoton ina fassarawa da ƙarfi, ban ko duba abin da ke gaba ba. Na karanta ƙirarsa, Kawu yana gyaɗa kai. Sai na zo inda aka ce tun da aka mayar da shi mai farauta bai taɓa arangama da jirgin abokan gaba ba. Na fassara. Layi na ƙarshe ya ce tuntuni aka ja shi zuwa wata tasha aka yayyanka shi ƙarfe-ƙarfe. Shi ma na fassara, har da gyara murya.

Masuncin ya fashe da dariya. "Ashe kihi kaka saurare! To ai abokin sana'ata na!" Majalisa ta ɗauka. Kawu ya yi murmushin yaƙe, ya laluba takalmansa, ya ce zai duba shinkafa.

Kwana uku bai fito ba. Inna ta kira ni ta ce, "Kai da ilminka, ba a koya muku inda aka tsayawa ba? Tahi ka ba shi haƙuri."

Na same shi a zaure yana gyaran lauje. Na durƙusa na fara kame-kame, wai masuncin nan ne ba shi da ta ido. Ya ɗaga min hannu.

"Ɗana, bar batun dariya. Abin da yas sa abokan gaba ba su zo ba, sun san muna saurare, wannan ni na sani ko ba a rubuta ba." Ya ajiye laujen, ya ce, "Ni dai cewa nike jirgin shina nan bisa ruwa. Kullum in na idar da asuba sai na roƙa ma yaran da ke cikinai sauka lahiya. Shekara da shekaru. Yanzu wa za ni roƙa ma?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya yafe min, har ya sa aka kawo min fura. Ya koma majalisa daga baya, amma bai sake ɗauko zancen teku ba, ko an tsokane shi sai ya ce ya manta. Haka ya zauna har Allah Ya yi masa rasuwa.

Ban yi ƙarya ba ranar, kuma wannan bai taɓa rage min nadama ba. Bawan Allah ya samu abin da ya yi shekaru yana nema, an yarda da shi a gaban tsaransa, ni kuma na ƙwace kafin ya gama jin daɗinsa, don kawai a ce na iya Turanci. Ranar jana'izarsa masuncin nan ya ja ni gefe, idonsa jawur, ya ce, "Kai kas san sauran labarin jirgin ga? Ni na yi ta jira shi ci gaba."

Na ce masa ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.