Harshen Tsoho da Ƙwayoyin Tibet

Shekara talatin Tsoho yana sayar da maganin gargajiya a wani lungu na Mansur, unguwar da aka haife shi a ƙasa mai tsarki, kuma da abu ɗaya yake tinƙaho: harshensa. Ka kawo masa kowane irin gari, zai lasa, ya lumshe ido, ya lissafa maka abin da ke ciki. Shi da bakinsa yakan ce boko ta wuce shi, karatun allo ya tsaya a Sabbi, harshen nan kaɗai ya tsira da shi.

Bayan Hajjin bara, wani alhaji daga ƙasar Sin ya bar masa wasu baƙaƙen ƙwayoyi na mutanen Tibet. Da hannu suka yi magana: alhajin ya shafa ciki, ya ɗaga yatsa ɗaya.

Masu saye suka kewaye shi. Tsoho ya lasa, ya ce akwai citta, akwai kanumfari. 'Yarsa Maha, wadda ta karanta harhaɗa magunguna, ta ce, "Baba, bari in duba takardar da ta zo da su tukuna."

Ya ji haushi, a gaban jama'a fa. Kuma tun kakansa ba a sayar da maganin da mai shi bai sha ba. Ƙwaya ɗaya kamar wake, me za ta yi wa ƙato? Ya jiƙa bakwai, ya jefa jar kanwa don ta ƙara musu ƙarfi, ya shanye a idon kowa.

Sau uku ya sake alwala a La'asar ɗin ranar. Magariba ko gwadawa bai yi ba.

Kwana biyu yana kwance, Maha na ba shi ruwan gishiri da sukari. Ta ce citta da kanumfari duk ya canka daidai. Abin da harshen ya tsallake wata saiwa ce mai sinadarin da ke tura hanji, irin wanda ke cikin filasko. Filasko kuwa buhu-buhu yake sayar da shi kullum. Ya yi dariya har sai da cikin ya gargaɗe shi.

Ranar da ya koma shago, Iyatu, tsohuwar mai sayen maganinsa, ta kawo wani ƙullin gari. Ya miƙa yatsa, ta janye hannu.

"A'a, Malam, ka dai kai wa Maha ta duba."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya ce to, ya sa a aljihu. A hanyar gida ya kwance ƙullin ya lasa. Sabara ce zalla, ya tabbata, sai dai ba wanda ya tambaye shi.