Dutsen Niƙan Gwaggo

Maƙwabcina na Sabon Gari tsohon injiniya ne. Tun yana saurayi gwamnati ta tura shi karatu Tarayyar Sobiyet, aka sauke shi a wata 'yar ƙasa mai sanyi da ake ce wa Latbiya. Bayan La'asar mukan zauna a ƙofar gidana, ni ina jan carbi, shi yana jan labarin mutanen can. Ya ba ni labarin wani gwanin darar Turawa da yakan ba da manyan 'ya'yansa a ci don ya kama sarki, da wata doguwar mace da ta gagari kowa a ƙwallon kwando, da wata malamar jami'a da ta dawo daga gudun hijira aka ba ta shugabancin ƙasa. Ina saurare ne kawai don zumunci.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani tsoho mai farin gemu. Injiniya ya ce mutumin ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tattara waƙoƙin talakawansu, na noma da na reno da na biki, kowace a kan 'yar guntuwar takarda, ya sa aka ƙera masa kabad mai aljihuna da yawa ya jera su.

"Har yau kabad ɗin yana nan, Malam," in ji shi. "Ku kuwa masu ajami, ban da laya me kuka adana?"

"Kai da ka dawo ba ka iya ko gyaran pampon gidanka ba?" na ce masa. Muka yi dariya.

Amma maganar ta bi ni masallaci. Na tuna Gwaggo, yayar mahaifina, da ke Tsibiri. Ita ce ta rage a danginmu da ta san waƙoƙin niƙa, ga shi tsufa ya ci ƙarfinta. Tun da injin niƙa ya shigo, babu yarinyar da ta koya. In ta tafi, sun tafi. Na ɗan yi jinkiri, don ban saba sa haruffan da na koya a allo cikin waƙar mata ba. Daga baya na ga ai da su nake rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙa.

Na hau kabu-kabu da takarda da tawada. Na sami Gwaggo a zaune kan tabarma, na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake gwadawa, babu abin da ya fito.

"Ɗan nan, ba ta zuwa haka," ta ce. "Waƙar a kan dutse take. Ka taɓa ganin an yi ta hannu sake?"

Aka shiga neman dutsen. Matan gida suka gano shi bayan rumbu, kaji suna shan ruwa a kwarminsa. Aka wanke, aka kawo gero. Gwaggo ta durƙusa da ƙyar, ta tura ɗan dutsen, hannunta ya ƙi. Jikokinta kuwa suka ce ba su san yadda ake kamawa ba.

Sai ta dube ni. "Cire rawanin."

Na miƙa wa wata jikarta wayata don ta ɗauki murya, na naɗe hannun riga, na durƙusa. Matan gida suka fashe da dariya, wata tana cewa a kira amaryar Malam ta zo ta ga abin da aka ɓoye mata. Gwaggo ta dafa bayana tana gyara mini tafiya.

"Kana sauri kamar ana korar ka. Tura, ka dawo. Yawwa."

Da ƙarar dutsen ta daidaita, sai muryar ta fito, siririya, tana rawa. Da salatin Annabi ta fara, abin da ya wanke mini sauran shakka. Ta yi ta zambon uwar miji, ta yi ta fari da yunwa. Can ta shiga wata da ta ce ita ta ƙirƙira tana budurwa, don lallashin ƙanenta mai kuka da ke goye a bayanta tana niƙa. Mahaifina ke nan, wanda ban taɓa sani ba sai da furfura. Na tsaya. Waƙar ma ta tsaya.

"Niƙa mana!" ta ce.

Na ci gaba, gari yana zuba a faifai, ni kuma ba na gani sosai saboda hawaye.

Na yi ta komawa har kaka, ranar da take da ƙarfi. Ba duka na samu ba. Wasu sun riga sun ɓace mata, wasu ta ce ba na kunnen namiji ba ne. Allah Ya karɓi abinsa kafin wata damina, Ya jiƙanta da rahama.

Abin da na samu na juye shi da ajami, na sa a gafakar mahaifina. Injiniya ya zo ya duba, ya ce ba ta kai kabad ɗin tsohonsu ba. Na ce haka ne. Sai ya zauna, ya ce in karanta masa ta goyon.