Erlinda Sumagaysay, Malamar da ta Raba 'Yan'uwa

Haihuwa

An haifi Erlinda Sumagaysay a shekarar 1946 a birnin Cadiz da ke tsibirin Negros. Mahaifinta Teofilo ɗan ƙwadago ne a gonakin rake, mahaifiyarta Consolacion kuwa busasshen kifi take sayarwa.

Karatu, Aiki da Aure

Ta kammala kwalejin horon malamai a 1968, ta fara koyarwa a wata firamare ta unguwar masunta. A 1972 ta auri Dionisio, makanike a masana'antar sukari, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Shekarun Yunwa

A 1984 farashin sukari ya faɗi warwas, aiki ya tsaya, aka kuma naɗa ta shugabar makarantar, muƙamin da kowa ke gudu. Yara kashi biyu suke zuwa, na safe da na rana. Sai wani jami'in ilimi, wanda bai iya tambaya ba sai umarni, ya ce a haɗa 'yan gida ɗaya a lokaci guda. Cikin zango ɗaya azuzuwa suka yi wayam, makarantar ta zo ta ƙarshe a jarrabawar birni, hukuma ta ba da wa'adin shekara biyu, ko ta gyaru ko a rufe ta.

Erlinda ta bi gida-gida a fusace, tana zaton sakacin iyaye ne. Wata uwa mai suna Pilar ta nuna mata igiyar shanya, ta ce, "Haba Malama, sai faɗa kike! Rigar makaranta ɗaya, 'ya'ya biyu. Da, in babbar ta dawo sai ta tuɓe wa ƙaramar. Yanzu tsaga ta zan yi?" Kunya ta rufe Erlinda. Washegari ta sake raba 'yan'uwa tsakanin safe da rana, ba ta nemi izinin kowa ba. Hukuma ta aiko mata da takardar gargaɗi. Da ta biyu ta iso, cewa ta yi, "Ku rubuto ta uku, ina nan." A 1986 makarantar ta zo ta huɗu, maganar rufewa ta mutu.

Ritaya da Rasuwa

Ta yi ritaya a 2011, ta rasu ranar 9 ga Maris, 2019, bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a maƙabartar cocin unguwar. Ta bar 'ya'yanta Nestor da Marivic da Arnel, da jikoki bakwai. Sau biyu limamin coci ya yi addu'a a kabarinta, da hantsi da kuma la'asar, domin ɗaliban makarantar sun ƙi zuwa sai cikin rigarsu, kuma har ranar riga ɗaya ce a gidaje da yawa.