Kurtun Jar Tawada

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, 'yata ta karanta mini wani littafi da ya ce ciwon rabuwa ja ne. Na tsawata mata, na ce mumini bai san launin rashi ba, haƙuri ya sani.

Da damina mahaifiyarta ta rasu. Ita ke dama mini jar tawadar da nake sa wasali a Alƙur'anin da nake rubutawa. Bayan sadakar arba'in na buɗe kurtun, na tarar ya bushe, na kasa riƙe hawaye. Har yau izu ukun ƙarshe babu wasali. Na nemi afuwar 'yata.

Allah Ya jiƙan matata, Ya albarkaci mai karatu da iyalinsa.