Keken Ɗinkina da Jar Ƙasar Maje

Shekarun baya, a ƙarshen wani watan Disamba, muka bar gidan haya a Kwamba muka tare a namu na kanmu a Maje. Na ce gida, amma Allah na tuba, ɗakuna uku ne da aka yi wa rufi da ƙofofi, sai katangar da ko filasta ba ta gani ba. Tsakar gidan kuwa jar ƙasa ce fetal, ga gangara tun daga bakin ƙofa har bayan kicin. Ni dai ko a jikina. Wadda ta shekara tara tana bin layin banɗaki da buta a hannu ba za ta raina jar ƙasa ba.

Ranar ɗaya ga sabuwar shekara yayar maigidana ta zo ganin gida daga Abuja. Ita ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, don haka maganarta a wurinsa yankan wuƙa ce. Tana fitowa daga mota ta tattare bakin abayarta, ta dubi tsakar gidan sama da ƙasa.

"Ikon Allah! Ƙanina, wannan gida ne ko gona? Ko intalok ba ka shimfiɗa ba ka kwaso iyali? Ai wannan zaman ƙauye ne."

Na yi dariyar yaƙe na kawo mata ruwa. Shi kuwa maganar ta zauna masa a wuya. Washegari ya kira mai intalok, wato bulon nan da ake jerawa a tsakar gida, ya zo ya auna. Da mutumin ya faɗi kuɗin, sai da na nemi wurin zama. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ginin ya riga ya tsotse shi tas, ga kuɗin makarantar yara na Janairu a bakin ƙofa. Bayan mai awo ya tafi, na ga yana kallon keken ɗinkina da ke kusurwar falo. Tun kafin ya buɗe baki na gane inda ya dosa.

"Maman yara, da za mu sayar da keken nan mu haɗa da ɗan abin da ke hannuna. In abubuwa suka warware sai in saya miki sabo."

Keken nan mahaifiyata ce ta saya mini, Allah ya jiƙanta. 'Yan kunnenta na zinare ta sayar lokacin aurena, ta ce mini, "Ki riƙe shi da kyau, shi ne uwarki in ba na nan." Da shi nake sayen gishiri da sabulu ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba.

Na ce, "Baban yara, kekena ba zai zama abin takawa ba. Ka ba ni zuwa ƙarshen damina. In tsakar gidan nan bai zama abin kallo ba, ni da kaina zan kira mai saye."

Ya ce ya ji. Ni ma na ji kaina, sai dai ban san ta inda zan fara ba. A tsakiyar birnin Kano aka haife ni, ko tumatir ban taɓa shukawa ba. Bakina ne kawai ya riga hankalina.

Wata da nake yi wa ɗinki a Madalla ta sassaro mini rassan zogale da na lalle, ta ce a soke su a ƙasa kawai, za su kama. Na jera su a jikin katanga, reras. Ruwa kuwa saye muke yi a wurin mai kura, ga rani, don haka na kafa doka a gidan: ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, ruwan ɗaurayar kwanuka, duk a tara mini a bokiti. Wanda ya zubar da ko kofi ɗaya, ni da shi ne. Sati uku ina ban ruwa safe da yamma, ko ɗigon kore ban gani ba. Sanduna dai suna nan tsaye suna kallona.

Akwai wata tsohuwa Bagwariya da ke wucewa da doya, kayanta a kafaɗa kamar yadda matansu ke ɗauka. Mama muke ce mata. Filin da muka gina ma gonar gidansu ce kafin a yanka ta fuloti-fuloti. Ran nan ta shigo kawo mini doya, ta tsaya gaban sandunana, sai ta sauke kayanta ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"'Yata, wa ya dasa miki wannan?"

Na ce, "Ni ce, Mama," har da ɗan ɗaga kai.

"To ai kai a ƙasa kika sa su, ƙafa a sama!"

Wayyo kunya! Ashe reshe yana da sama da ƙasa. Ta tuge ɗaya ta nuna mini 'yan idanun da ke jikinsa, ta ce dole su kalli sama. Sati uku ina shayar da itace yana tsaye da ka.

Da ta gama dariyarta sai ta zagaya gidan tana duba ƙasa. Ta nuna gangarar da ƙafa ta ce, "Nan hanyar ruwa ce. Tun ina amarya nake noma wurin nan. In damina ta sauka, ko siminti kika zuba ruwa zai bi ta ƙarƙashi. Jema za ki dasa." Jema wata ciyawa ce mai dogon saiwa da ke riƙe ƙasa. Ta kawo mini ita daga bakin rafi, dami biyu, da sabbin rassan zogale da na lalle, ta koya mini jera jemar layi-layi a gicciye. Da na tambayi kuɗi ta harare ni. Sai na ɗinka mata riga da zani na bikin Ista, muka rabu kowa yana murna.

Hanyar takawa kuwa, na bi gine-ginen unguwa ina roƙon magina fasassun bulo da gutsattsarin tayil da za su zubar. Suka ce in kwashe, na ma rage musu aiki. A keke napep nake lodowa. Matan layinmu suka sa mini suna Hajiya Bola. Na ce na gode, bolar dai a gidana take kwana.

Ban gama jera hanyar ba ruwan farko ya sauka a watan Afrilu, mai ƙarfi. Tsakar gida ya koma kunun jar ƙasa. Safiyar Litinin maigidana ya fito cikin farar shaddarsa zai bi motar Abuja, taku uku ya yi santsi ya kwashe shi. Ya miƙe jajawur tun daga hula har takalmi. Wallahi na yi ƙoƙarin riƙe dariyar, amma ta fi ƙarfina.

Ya koma ciki ya sake kaya ya fita. Bayan la'asar sai ga shi da wani mutum mai sayen tsofaffin kekuna. Ina ganinsu na aje muciya, na wuce su, na haye kan teburin keken na zauna daram na harɗe hannu.

"Maman yara, sauko. Kada ki ba ni kunya gaban baƙo."

Na ce, "Ƙarshen damina muka yi da kai, yau kuwa ruwan farko ne. In za a ɗauki keken nan, sai dai a ɗauka da ni a kai. Malam, ka kawo igiyar da za ta ɗaure mu mu biyu?"

Tunda muka yi aure ban taɓa tsaya masa haka ba. Mutumin ya dubi maigidana, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, wannan keken ba na sayarwa ba ne," ya sa takalminsa ya fice. Kwana huɗu maigidana ba ya cin tuwona sai ya ga ba na kallo. A na biyar, ranar Asabar, na leƙo na same shi tsugune yana jera ragowar bulon hanyar. Sai na kai masa shayi.

Damina ta yi aikinta. Jema ta yi tushe ta tare ƙasa, ruwa ya riƙa wucewa a hankali ba ya tafiya da komai. Lalle ya rufe katangar da ba filasta, zogale ya wuce tsayina. Na ƙara da gwanda da ɗan lemun tsami. Maigidana da kansa ya sayo tabarma ya mai da gindin zogalen wurin zamansa.

A watan Oktoba Yaya ta dawo. Ta shigo ta tsaya cak, sai ta zauna a tabarmar ƙaninta ta cire takalmi. Na yi mata kwaɗon zogale, ta cinye tas. Can ta ce hawan jini yana damunta, an ce ta riƙa cin zogale, ga na kasuwa duk ya yi yaushi kafin ya iso.

"Ki sara mini reshe biyu in je in dasa."

Na ce, "To Yaya, a ina za ki dasa?"

Gidanta kaf intalok ne, tun daga ƙofar shiga har bayan gida, babu ƙasar da ta kai tafin hannu. Na ɗauko tsohon bokitin fenti, na cika shi da jar ƙasar nan da ta kira ta ƙauye, na soke reshen a ciki, idanunsa suna kallon sama. A kan cinyarta ta riƙe shi a mota har Abuja.

Har yau ba mu saka intalok ba, kuma yanzu ba rashin hali ba ne, ba na so ne. Duk Janairu in na ji mutane suna neman abin da za su sayar don su gyara gida saboda bakin wani, sai in ce su fara duba abin da za su rabu da shi tukuna. Mai maganar zai koma gidansa ya manta, kai za a bari da rashin. Da na sauko daga teburin nan ranar, da yau ina da tsakar gida mai sheƙi, ina kuma roƙon kuɗin sabulu.

Keken yana nan. Na ma fito da shi baranda, inda inuwar zogalen ke kaiwa da hantsi. Duk sanda na ɗora ƙafa a kansa sai na yi wa mahaifiyata addu'a, in ce mata na riƙe.