Kujerun da Baba Isufu ya busa wa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye a tashar bas ta Downtown aka kira ni: Baba Isufu ya rasu. Bas ɗina ta zo ta tafi ina kallonta.

Tun ɗazu nake ganin kuna rubuta "mutumin kirki ne". Gaskiya ne. Amma wasunku sai yau suka san sunansa. Mai Salka kuke ce masa. Ni na laƙaba masa sunan, don haka ban cire kaina ba.

Ga wanda bai san shi ba, mai busa algaita ne daga Damagaram. Tare muke ɗaga kwali a sito. Lokacin da na zo ƙasar Turawan nan ban iya karanta takardar shif, wato jadawalin aiki, ba, shi yake karanta min ƙasa-ƙasa don kada wani ya ji. Kullum sai ya raba tuwonsa biyu, wai ya ƙoshi.

Shekarun baya rabin fuskarsa ya shanye, kumatu suka daina riƙe iska, algaita ta gagara. Sai ya haɗu da wani tsohon Bature a garin Pleasant Garden mai busa bagfaif, abin busan nan mai jaka a hammata da bututu a kafaɗa. Jakar ce ke riƙe iska. Baba ya ce min, "Ɗana, na samu kumatun aro."

Ranar da na fara ganin abin na ce, "Baba, salkar ruwa ka rungume?" Aka yi dariya. Sunan ya bi shi har masallaci.

Baturen ya ɗauko wani kiɗan Turawa da aka tsara don fiyano, ya mayar da shi na bagfaif. Kiɗan ba shi da yawa, sauti huɗu ko biyar, a yi ta maimaitawa, sai can a sauya guda. Su huɗu suke gwaji a filin bayan gidansa. Na taɓa zuwa. Da farko kamar ƙarar firji na ji. Da na daɗe a zaune sai na ji abin yana motsi, kamar inuwa a bango: ba ka ganin tafiyarta, amma in ka waiga ta bar inda take.

Da aka sa ranar wasa a wani zaure a Elm Street, Lahadi bayan azahar, Baba ya bi mu gida-gida da tikiti. Layin gaba ya ajiye mana. Ni kuwa ya riƙe hannuna ya ce, "Kai mai haƙuri ne. Ko kowa ya tashi, ka zauna har ƙarshe."

Muka zo da manyan riguna, Hajiyoyi da shirin liƙi. Mu a wurinmu, in mai busa ya gan ka take zai yi maka, ya busa sunanka da na ubanka, ka miƙe a gan ka. Abin da muka zauna jira ke nan.

Aka fara. Minti biyar, minti goma, abu ɗaya. Alhaji Mamman, wanda ya kawo ni a motarsa, ya ce da ƙarfi, "Wai har yanzu saiti suke yi?" Aka kece da dariya. Hajiya Rabi ta amsa waya: "A'a, ba su fara ba, Mai Salka na ta hura iska." Turawa suna waigowa. Baba yana kallonmu da idon nan nasa da ba ya rufuwa sosai, bai daina busa ba.

Can Alhaji ya miƙe. "Bon, mun ga salka. La'asar ta gabato." Mutanen layin gaba suka tashi. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai fa? Ko bas za ka bi zuwa McLeansville?" Ya san ranar Lahadi babu bas da ke zuwa inda nake.

Na tashi.

Ni kaɗai a cikinmu na san ba saiti ba ne.

Bayan nan Baba ya canza shif. Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar nan ce, wata uku da suka wuce. Ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Sannan ya ce, "Ka ji ƙarshen kiɗan ranar nan?"

Na ce, "Na ji daga bakin ƙofa, Baba."

"To me ka ji?"

Na hau duban hanyar bas.

Ya ce, "Wata shida ina roƙon Baturen ya bar min ƙarshen. Daga cikin maimaicin nan taken kowa ke fitowa, a hankali. Da na Alhaji Mamman na fara. Sai na Hajiya Rabi. Naka ne na ƙarshe, har da sunan babanka. Ban tsallake kowa ba. Kujeru na busa wa." Ya yi murmushin nan na rabin fuska. "Turawa sun tafa sosai. Sun ce ƙarshen akwai daɗi."

Bas ɗinsa ta zo. Ban ce ya yafe min ba, na ɗauka akwai lokaci.

Ɗazu na kira Baturen na tambaye shi ko an naɗi wasan a kaset. Ba a naɗa ba.

Gobe bayan azahar za a yi jana'iza. Alhaji, Hajiya, duk wanda ya zauna a layin gaba ranar nan, in kun zo ku tsaya har a gama rufe shi. Wanda ya san zai tashi a tsakiya ya yi addu'arsa daga gida. Ni kada wanda ya jira ni da mota, na san yadda zan koma.

Allah ya jiƙan Baba Isufu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya yafe mana abin da ba mu roƙi Baba ya yafe ba.

Don Allah ku yi masa addu'a. Da sunansa.